Abin da Sha'aibu Ya Rufe Cikin Bango

Duk wanda ya kai wa Sha'aibu littafi ɗinki a Tudun Wada, sai ya fara shan faɗa kafin a karɓi aikinsa. In Alƙur'ani ne ya zo da shi ɗaure a bayan babur, Sha'aibu zai tambaye shi ko haka yake ɗaure mahaifinsa in za su asibiti. In littafin makaranta ne da maiƙo ya ɓata, sai ya ce wa mai shi ya koma gida ya koya wa iyalinsa wanke hannu. Mutane suna tafiya da haushi, suna kuma dawowa, domin ɗinkinsa ba ya saki, kuma kowa ya san ba ya taɓa Alƙur'ani sai da alwala. Wannan shaidar ita ce jarinsa. Ba shi da injin yanka takarda irin na masu shaguna a Kano, ba shi da gona mai kirki. Abin da yake da shi kawai shi ne, in an ce wa za a ba amanar littafin Allah, daga Bebeji har Doguwa sunansa ake fara kira.

Mahaifinsa baduku ne, yana yin gafaka da tadarishi, wato bangon fatar da ake naɗe Alƙur'ani rubutun hannu a ciki, warƙa-warƙa ba ɗinki. Da littattafan bugu suka cika gari, sai Sha'aibu ya juya basillar gidansu zuwa ɗinkin littafi. Yakan warware tsohon littafi gaba ɗaya, ya kankare busasshen gam, ya jera shafuka, ya huda da basilla, ya ɗinke da zaren da ya goga wa kakin zuma. Sannan ya yi bango. Kwali yake yankawa daidai girman littafin, ya manna fallaye uku da kokon rogo har su zama kamar katako, ya danne da dutse su kwana, ya lulluɓe da koriyar ledar bango. Matarsa Rabi ce ke dafa masa kokon a gida, ta kawo shago a rufaffiyar roba.

Ana saura kaɗan azumi, Liman Mas'ud na Kwarin Marke, wani ƙauye a gindin duwatsun Doguwa, ya zo da Alƙur'anan masallacinsu cikin akwatin ƙarfe, ya rungumo shi a cinya tun daga can. Sun kusa talatin, duk sun zazzage. Ya ce yana so jama'a su shiga watan da su sababbi. Sha'aibu ya yaba da yadda aka ɗauko su, abin da ba ya yawan yi, ya kuma yi alkawari.

Ɗinki ya tafi daidai. Wajen bango ne aiki ya tsaya. Kwalayen sabulu da na madara da yake karɓa a wajen masu kanti suka ƙare, ga azumi ya ƙarato, kowane ɗan kasuwa yana riƙe da nasa don ƙulla kaya. Sai ga Ɗanliti, wani direban babbar mota da ke bin hanyar Jos, ya jefo masa ɗaurin kwalaye a ƙofar shago, yana dariya yana cewa ga tsarabar malamin kwali, a sa shi a addu'a kada taya ta fashe masa a daji. Da Sha'aibu ya kwance ɗaurin, na sama na taliya ne da na sabulu. Na tsakiya kuwa, masu kauri da santsi, waɗanda hannu ke taɓawa ya san ba su da na biyu wajen bango, kwalayen giya ne. Ga hoton kwalba nan ɓaro-ɓaro, da kumfa tana zuba.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce wa kansa giya ba ta taɓa kwalin ba, tana cikin kwalba, kwalba kuma a toshe take. Ya ce takarda takarda ce, ba ta yin laifi. Ya ce in ya saɓa alkawari, tsofaffi za su shiga azumi ba abin karatu. Mai yiwuwa ne in da ya kai maganar gaban malamai su ce masa babu komai, mai yiwuwa su hana. Bai kai ba. Mutumin da ya yarda da hujjarsa ba ya sakaya ƙofar shago da rana tsaka, shi kuwa ya sakaya. Ya yanka kwalayen, ya kife fuskar hoton ciki, fuska da fuska, ya manna, ya danne.

Rabi ta shigo da koko ta ga wani guntu a ƙasa, wuyan kwalba ne da rabin rubutu. Ta ɗauka ta juya shi.

"Malam, wannan ba na abin nan ba ne?"

Ya ce ta kula da tukunyarta, shi zai kula da basillarsa. Ta ajiye robar ta fita, ba ta sake tayar da maganar ba.

Da fallayen suka bushe ya tara su wuri ɗaya, na sabulu da na giya, duk girma ɗaya, duk launi ɗaya ta waje. Ya riƙa zara yana lulluɓewa. Kafin ya gama, shi kansa bai san wane littafi ne ya samu wanne ba, kuma a lokacin wannan rashin sanin daɗi ya yi masa. Liman ya zo ya karɓa, ya shafa koren bangon, ya yi ta sa albarka. Azumi ya zo ya wuce.

Sai da damina ta yi nisa, masara ta fitar da goyo, sannan Liman ya kira shi a waya. Ya ce rufin masallaci ya yi yoyo ta wajen kantar littattafai, ruwa bai taɓa rubutu ba, alhamdu lillahi, amma bangaye sun sha laima, wasu sun fara kumbura. Ya ce ko su shanya su a rana ne? Sha'aibu ya san kokon rogo. Ƙarfinsa a bushe yake, in ya ji laima sai ya koma kunu, fallaye su fara rabuwa da kansu. Ya ce kada kowa ya taɓa, kada a shanya, kada a danna, shi da kansa zai zo ya kwashe su ya gyara. Liman ya ce kai, ba a samun irinsa a wannan zamani.

Washegari Sha'aibu ya shiga motar Doguwa da jakarsa da reza a aljihu. Duk tsawon dajin Falgore bai ga komai ta taga ba. Dabararsa ɗaya ce, ya kwaso littattafan cikin akwatinsu, ya dawo shago ya sakaya ƙofa kamar wancan karon, ya sauya bangayen, ya ƙone tsofaffin, magana ta mutu. Daga bakin titi ya hau acaɓa, suka bi hanyar daji mai taɓo, nan su sauka su tura, nan su hau.

Bayan azahar ya isa, ya tarar da ƙofar masallaci cike. Ba taron biki ba ne. Manoma suna gefe guda a tsaye, Fulanin rugar da ke bayan rafi suna ɗaya gefen, sun jingina da sandunansu, dagaci yana zaune a tsakiya kan tabarma. Ɗan acaɓan ya ba shi labari a gurguje. Shanu ne suka shiga gonar wani manomi, Uba, suka cinye masa masara. Sawu ya nufi wajen rugar Jibrin, wani makiyayi da ya daɗe zaune a wurin, yana kiwo yana noma. Jibrin ya ce ba nasa ba ne, garken baƙi ne masu wucewa. Babu wanda ya gani da ido. Samari sun so su je rugar da gora, dattawa suka tare su, dagaci ya yanke cewa Jibrin ya rantse da Alƙur'ani a gaban kowa, in ya rantse magana ta ƙare, Uba ya bar wa Allah. Rantsuwar nan ce kaɗai ta hana a zubar da jini.

Liman Mas'ud ya hango shi, ya taso da fara'a ya riƙe hannunsa, ya kai shi gaban dagaci. Sha'aibu ya durƙusa ya yi gaisuwa. Liman ya ce ranka ya daɗe, ga mutumin da ya ɗinka mana littattafai, tun daga Tudun Wada ya taso don an ce masa bango ya ji laima. Dagaci ya ce madalla, ya zauna kusa, a gama wannan tukuna.

Jibrin ya yi alwala a gaban jama'a, ya tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa. Liman ya shiga ya fito da Alƙur'ani guda a hannu biyu. Sha'aibu yana kusa, idonsa kuma na mai sana'a ne. Ya ga kusurwar bangon ta tanƙware, ledar ta ɗaga, fallayen kwalin sun buɗe baki kaɗan. A cikin tsagar akwai launi. Ko na sabulu ne ko na ɗayan, bai iya ganewa ba. Ya ga in Jibrin ya ɗora tafin hannunsa ya danna, ko ya rungume littafin a ƙirji kamar yadda masu rantsuwa ke yi, kusurwar nan za ta iya dārewa a gaban garin gaba ɗaya.

Sha'aibu ya ce Allah gafarta Malam, wannan ya jiƙe da yawa, a sauya wani. Liman ya ce duk haka suke, amma tun da mai aikin na nan, ya shiga ya zaɓo wanda ya fi lafiya. Sha'aibu ya shiga ya tsaya gaban kanta. Ga su nan a jere, kore, kore, kore, kowanne da kumburinsa. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan. Ba wanda zai iya cewa wannan na sabulu ne. A waje aka fara gunaguni, Uba yana cewa ko sai masarar ta sake tsirowa za a yi rantsuwar.

Sha'aibu ya fito hannu wofi. Ya karɓi na hannun Liman, ya ce laima tana shiga takarda ta bango ne, gara a raba su tun yanzu. Kafin wani ya ce wani abu ya zaro reza, ya buɗe littafin, ya bi gaɓar da ta haɗa bango da ɗinki ya tsaga, gaba da baya, cikin ƙwarewar da ba ta taɓa ko harafi ɗaya ba. Ya miƙa wa Liman littafin tsirara, zaren ɗinki a waje, ya cusa bangon cikin jakarsa ya ja zif. A ransa ya ce ya tsira.

Uba ne ya fara magana, a hankali, yana matsowa.

"Malam baƙo, me ka sa a jaka?"

Sha'aibu ya ce bango ne kawai, ruɓaɓɓe.

"Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an tuɓe wa Alƙur'ani riga don mutum zai rantse ba. Sai yau, sai a kan masarata. Ƙwaryar nono nawa aka kai maka Tudun Wada?"

Wasu suka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Kowa a wurin ya san abin da ake faɗa, cewa in aka zare warƙa ɗaya daga Alƙur'ani ya zama bai cika ba, mai ƙarya zai rantse ya tashi lafiya. Ko gaskiya ne ko camfi, mutanen sun yarda da shi. Uba ya juya ga jama'a ya ce sun gani da idonsu, an kawo ƙwararre daga nesa, ranar rantsuwa, sa'ar rantsuwa, ya zare warƙa tare da bango ya ɓoye. Jibrin yana durƙushe har yanzu, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba. Ya ce wallahi shi bai san mutumin nan ba, yau ya fara ganinsa. Wani saurayi ya ce ga shi ya fara rantsuwar tun ba a ba shi littafi ba. Wani ya taka sandar Jibrin da ke ƙasa ya ja ta baya da ƙafa. Ta ɓangaren Fulani aka daina jingina, aka miƙe tsaye.

Sha'aibu ya ga duk wannan, kuma ya fahimce shi sarai. Ya san kalma ɗaya daga bakinsa za ta wanke Jibrin. Bai faɗe ta ba. Ya rungume jakarsa yana cewa shi mutum ne mai sana'a, ba a taɓa bincikar jakarsa ba, a tambayi kowa a Tudun Wada. Yana kallon mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba ana shirin far masa, shi kuwa sunansa yake karewa.

Dagaci ya ɗaga hannu. Ya ce ba wanda zai taɓa baƙo, amma baƙo zai ba Liman abin da ke cikin jaka, yanzu. Sha'aibu ya buɗe zif. Ko a lokacin bai fid da rai ba, yana addu'a a zuci Allah ya sa na sabulu ne.

Liman ya karɓi bangon ya buɗe, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, babu warƙa ko ɗaya a manne. Uba ya ce a duba ciki, ga shi nan ya buɗe baki, ana iya cusa takarda. Liman ya sa babban yatsa a tsagar, bai ma ja da ƙarfi ba, fallayen suka rabu kamar jiƙaƙƙen burodi. Ya tsaya yana kallo. Na kusa suka leƙa, na nesa suka turo. Kwalba ce, da kumfarta, da rubutun boko ja a ƙasa. Wani da ya taɓa zaman Jos ya faɗi sunan abin, kalmar ta bi taron baki-baki har ƙarshensa. Wani saurayi ya zaro waya ya ɗauki hoto.

Wani dattijo mai son a rufa asiri ya ce ai ƙila bawan Allah bai lura ba, kwali a ɗaure ake saye. Sha'aibu ya cafke wannan da sauri. Ya ce haka ne, wani direba ne ya kawo masa, ga gaggawar azumi, ga aiki da yawa, ido ba ya ganin komai da komai.

Liman Mas'ud bai ɗaga murya ba.

"In ba ka gani ba, Sha'aibu, me ya sa ka yanke bangon?"

Sannan ya tambaye shi guda nawa ne haka. Sha'aibu ya ce bai sani ba. Wannan kaɗai ce gaskiyar da ya faɗa a wunin, kuma ita ta fi yi wa mutane ciwo. Wani tsoho da ya sauke Alƙur'ani a azumi da ɗaya daga cikinsu, yana sumbatar bango duk sanda ya rufe, ya sa bakin rawaninsa ya riƙa goge leɓe.

Aka gama abin da ya tara mutane. Liman ya zauna ya bi littafin daga Fatiha zuwa Nasi yana duba lambar shafi, wani malamin ruga yana duba tare da shi, suka shaida ya cika. Aka shimfiɗa farin mayafi aka ɗora shi. Jibrin ya sake alwala ya rantse. Uba ya ce ya bar wa Allah. Aka mayar wa Jibrin sandarsa. Ba wanda ya ba shi haƙuri, shi ma bai nema ba, ya dai kalli Sha'aibu sau ɗaya ya wuce.

Sannan Liman ya sa aka fito da sauran, ya ce wanda ya rufe shi zai buɗe. Sha'aibu ya zauna a ƙofar masallaci da rezarsa, manoma da makiyaya a tsaye a kansa. Ya tsaga, ya ɓare, ya ajiye. Wannan sabulu. Wannan taliya. Wannan kwalba. Duk wanda ya fito da kwalba sai an ji salati ƙasa-ƙasa. Littattafan da aka tuɓe ana naɗe su da tsabtatattun mayafai ana jerawa a akwati. Da ya gama ya roƙi Liman ya bar shi ya tafi da su, zai sayo kwali sabo fil daga Kano, zai yi aikin a gaban duk wanda aka wakilta. Liman ya ce akwai wani mai ɗinki a Kiru, ɗinkinsa bai kai nasa kyau ba, can za su kai.

Saura tulin bangaye. Nan aka yi ta shawara ba a cimma komai ba. Ba a zubar da su a juji, domin sun yi wata da watanni suna rufe da maganar Allah, ga sunan littafin manne a fuskarsu. Ba kuma wanda ya yarda a binne su inda ake binne tsofaffin warƙoƙi, da abin da ke cikinsu. Dagaci ya ce kayan mai kaya ne, ya tafi da abinsa. Aka samo buhu aka zuba masa.

Ɗan acaɓan da ya kawo shi ya ce mai ya ƙare. Sha'aibu ya taka da ƙafa har bakin titi, buhun a rungume, taɓo har ƙwauri. Yana tsaye yana jiran mota wayarsa ta yi ƙara. Shugaban wata Islamiyya ne a Bebeji, wanda littattafan makarantarsa ke shagon an warware su ana jiran ɗinki. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Ya ce an turo masa wani hoto, ba ya son jin bayani, gobe zai aiko a karɓo musu kayansu yadda suke. Sha'aibu ya ce a warware suke, shafuka za su tarwatse a hanya. Mutumin ya ce sa tsince.

Mota ta tsaya. Kwandasta ya kama buhun zai jefa a but, inda aka ɗaure awaki biyu. Sha'aibu ya riƙe gam, ya ce wannan ba ya shiga ƙarƙashin dabba. Kwandasta ya ce to ya sa a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, Sha'aibu ya ce nan ma a'a. Aka matsa masa ya zauna a kujerar baya, buhun a kan cinyarsa ya tokare masa haɓa, warin ruɓaɓɓen koko yana tashi. Wata tsohuwa da ke gefensa ta toshe hanci da gyale, ta ce ɗan nan, me ka ɗauko haka da ba ya taɓa ƙasa kuma yake wari?

Ya ce aikinsa ne.